YADDA AKE DASA ITACEN FIYA A GIDA DA YADDA AKE KULA DA SHI

Gabatarwa

Fiya, wadda waɗansu ke kira piya, tana cikin 'ya'yan itatuwa masu ƙosarwa da ake samu a kasuwannin Nijeriya. Akan shafa ta a burodi kamar man shanu, akan ci ta da shinkafa ko dafaffiyar doya, akan kuma ba yaran da aka fara koya wa cin abinci saboda laushinta. Mutane da yawa idan sun ci fiya mai daɗi sukan binne ƙwallonta a bayan ɗaki, da fatan wata rana su huta da saye. Amma ba duka ne ke cin moriyar abin da suka shuka ba. Wani itacensa yakan mutu a damina ta biyu ko ta uku. Wani akuya ce za ta cinye masa. Wani kuwa nasa zai girma ya yi inuwa, a shekara goma ana zuba ido, sa'an nan ya haifi 'ya'ya masu zare da salam.

Yawancin wannan hasara tun ranar dashe ake jawo ta, watau wajen zaɓen wurin da za a dasa da kuma irin da za a dasa. Wanda ya gyara waɗannan abubuwa biyu ya yi rabin aiki. Sauran kuwa kulawa ce wadda ba ta fi ƙarfin kowane magidanci ba.

Asalin Fiya da Ire-irenta

Asalin fiya ƙasar Meziko ce da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, inda mutane suka yi shekaru dubbai suna cinta. Wani Bature ɗan ƙasar Sifen mai suna Martin Fernandez de Enciso ya ba da labarinta a littafinsa a 1519, daga baya jiragen ruwa suka yaɗa ta zuwa sauran ƙasashe masu zafi. Har yau Meziko ce ta fi kowace ƙasa noman fiya a duniya. A Afirka kuwa, Kenya da Afirka ta Kudu suna cikin manyan masu sayar da ita a ƙasashen waje.

Masana sun kasa fiya gida uku. Akwai ta Meziko, mai ƙananan 'ya'ya da siririn ɓawo, wadda ta fi jure sanyi. Akwai ta Gwatamala, mai kaurin ɓawo, wadda ta fi son tuddai masu sanyi-sanyi. Akwai kuma wadda ake kira ta Indiya ta Yamma, mai manyan 'ya'ya da santsin ɓawo, wadda ta fi son ƙasa mai zafi da laima. Daga waɗannan gidaje uku, da barbarar da ke tsakaninsu, aka sami ire-iren da ake dasawa yanzu. Hass da Fuerte sun fi dacewa da tuddai. Pollock da Waldin da Lula da Booth 8 sun fi dacewa da wurare masu zafi da ruwan sama mai yawa.

Kada a rikita fiya da ube, wadda ake gasawa a ci da masara a kudancin ƙasar nan, ko kuwa da atili na Jihar Filato. Waɗannan itatuwa ne dabam, renonsu ma dabam ne.

Amfaninta ga Jiki

Abin da ya bambanta fiya da mangwaro ko gwanda shi ne mai. A cikin giram 100 na tsokar fiya irin Hass akwai mai wajen giram 15, sukari kuwa bai kai giram 1 ba. Man nan irin na zaitun ne, mai sauƙi ga zuciya. Tana kuma da sinadarin fotasiyam fiye da ayaba, ga bitamin E da K, da folet wanda mata masu juna biyu ke bukata. Manyan fiya masu santsin ɓawo ba su kai Hass mai ba, amma su ma abinci ne mai gina jiki. Saboda haka itace guda a tsakar gida taimako ne babba ga iyali, abin da ya ragu kuma a kai kasuwa.

Inda Take Yi a Nijeriya

Fiya tana son ruwan sama da ya kai milimita 1,000 ko fiye a shekara, da zafi matsakaici. Tana yi sosai a jihohin Imo da Abiya da Anambara da Inugu da Kuros Riba da Edo da Ondo. A arewa kuwa tana yi a tudun Jos, wanda ya kai kimanin mita 1,200 bisa teku, da tudun Mambila a Jihar Taraba, wanda ya fi shi tsawo, da kudancin Jihar Kaduna wajen Kagoro da Kafanchan.

A can arewa, wajen Kano da Katsina da Sakkwato da Maiduguri, sha'anin ya fi wuya. Rani yana da tsawo, zafin bazara yakan kai digiri 40 ko ya wuce, busasshiyar iska kuma takan ƙone ganye ta kakkaɓe fure. Mai son gwadawa a waɗannan wurare lalle ne ya kasance yana da ruwa mai daɗi rani da damina, da wuri mai kariya daga iska. Wanda ba shi da waɗannan, gara ya dasa mangwaro ko gwaiba ko lemo, ya fi masa riba.

Zaɓen Wuri

Ran fiya a saiwarta yake. Ƙananan saiwoyin da take sha da su ba su yin nisa cikin ƙasa, yawancinsu ba su wuce zurfin santimita 60 ba, suna kuma bukatar iska kamar yadda suke bukatar ruwa. Idan ruwa ya kwanta a gindin itacen kwana biyu kawai, saiwoyin sukan shaƙe su fara ruɓewa. Fiya tana son ruwa mai wucewa, ba ta son ruwa mai zama.

A nan ne magidanta da yawa ke kuskure. Sukan dasa ta bakin kwata, ko inda ruwan wanka da na wanki ke taruwa, don a huta da ban ruwa. Ayaba da rake za su ji daɗin irin wannan wuri, amma ga fiya kabari ne. Ban da jiƙa ƙasa dare da rana, ruwan wanki yana ɗauke da gishirin sabulu, fiya kuwa ba ta jure gishiri ko kanwa.

Ƙasar da ta fi dacewa ita ce turɓaya mai zurfi ko jan gargari mai shan ruwa, wadda za a haƙa mita ɗaya ba a tarar da marmara ko dutse ba. A guji laka da fadama da fako. Ga yadda ake gwada wuri kafin dashe: a haƙa rami mai zurfin santimita 60, a cika shi da ruwa, a bari ya tsotse, sa'an nan a sake cikawa. Idan an wayi gari ruwan ya tafi, wurin ya yi. Idan an kwana an yini da sauran ruwa a ciki, sai a nemi wani wuri, ko kuwa a tara tudun ƙasa mai tsawon santimita 40 zuwa 50 da faɗin mita ɗaya da rabi a dasa a bisansa.

Itacen fiya babba ne. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai mita 15 ko fiye idan ba a rage shi ba. Saboda haka a ba shi tazarar mita 6 daga ɗaki ko katanga ko masai, da mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da wani babban itace. Kada a dasa shi ƙarƙashin wayar lantarki. Wurin ya zama yana samun rana yawancin yini.

Ƙwallo ko Ɗan Aure

Ƙwallon fiya ba ya gadon uwarsa sak. Ƙwallo goma daga itace ɗaya za su iya ba da itatuwa goma, kowane da irin 'ya'yansa, wani mai daɗi, wani mai zare, wani ma da ƙyar zai haihu. Bugu da ƙari itacen ƙwallo yakan ɗauki shekara 5 zuwa 10, wani lokaci fiye, kafin ya fara haihuwa. Ɗan aure kuwa, watau dashen da aka ɗaura masa reshen itace mai kyau, yakan fara haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4, 'ya'yansa kuma daidai da na itacen da aka yanko reshen.

Labarin fiyar Hass ya isa misali. A 1926 wani ma'aikacin gidan waya mai suna Rudolph Hass ya shuka ƙwallon fiya a garin La Habra Heights na Jihar Kalifoniya a Amurka. Sai aka yi dace itacen ya ba da 'ya'ya masu mai da daɗi, ya yi musu rajista da sunansa a 1935. Duk itacen Hass da ke duniya yau daga reshen wannan itace guda ya samo asali ta hanyar aure, shi ne kuma irin da aka fi ciniki tsakanin ƙasashe. Wanda ya shuka ƙwallon Hass ba zai sami Hass ba. Uwar itacen ta mutu a 2002, ciwon ruɓewar saiwa ne kuwa ya kashe ta, duk da ƙwararrun da suka yi shekaru suna jinyarta.

Ana samun 'yan aure a gandun renon itatuwa na gwamnati da na 'yan kasuwa. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1975, ita ce ke da alhakin bincike a kan irin waɗannan itatuwa. Mai saye ya duba tabon aure a jikin dashen, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Ya zaɓi mai koren ganye shar, ya guji wanda ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe.

Renon Ƙwallo da Yin Aure

Wanda ke son ya yi wa kansa dashe sai ya bi waɗannan matakai:

1. A ɗauki ƙwallo daga fiyar da aka tsinko a kan itace mai lafiya. Wadda ta faɗi ƙasa tana iya ɗauko ciwon saiwa.

2. A wanke ƙwallon, a ɓare siririn ɓawon da ke jikinsa, a shuka cikin 'yan kwanaki. Ƙwallon fiya ba ya ajiyuwa, in ya bushe ya mutu.

3. A cika leda mai zurfi da turɓaya da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙasanta don ruwa ya fita. A sa ƙwallon, faffaɗan gefen yana ƙasa, mai tsinin yana sama, a bar kansa ya ɗan leƙo.

4. A ajiye a inuwa mai shan iska, ana yayyafa ruwa. Yakan tsiro cikin mako 4 zuwa 6.

5. Idan karan ya kai kaurin fensir, lokacin aure ya yi. A yanko ɗan reshe mai tsawon santimita 8 zuwa 10, mai ido biyu ko uku, daga itacen da aka san daɗin 'ya'yansa da yawan haihuwarsa. A cire ganyensa, a fiƙe gindinsa ta gefe biyu kamar bakin gatari.

6. A datse kan dashen da wuƙa mai kaifi da tsabta, a tsaga shi kaɗan a tsakiya, a cusa reshen yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo ko da ta gefe ɗaya ne. A ɗaure tam da tsinken leda, a rufe da farar leda don kada ya bushe.

7. Bayan mako 3 zuwa 4, idan auren ya kama, idanun za su toho. A cire ledar rufi, a riƙa karye duk tohon da ya fito ƙasa da wurin ɗaurin.

Tsohon itacen da ba ya haihuwar kirki ma ana iya yi masa aure. Akan sare manyan rassansa, in sun yi sabon toho a ɗaura musu reshen iri mai kyau. Malamin gona zai iya nuna yadda ake yi.

Ranar Dashe

Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60. A ware ƙasar sama gefe guda, a gauraya ta da kwando ɗaya na takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai, a mayar cikin ramin. Kada a sa ɗanyen kashin kaji ko takin zamani a ramin dashe, domin suna ƙone saiwa.

A yi dashe da yamma. A yanke ledar da reza a hankali, kada ƙasar ta wargaje, gama saiwar fiya tana da saurin karyewa. A zaunar da dashen yadda ƙasar ledar za ta ɗan fi ƙasar wurin tudu, wurin auren kuma ya kasance a sarari, kada a binne shi. A danna ƙasa da hannu, a ba shi ruwa bokiti ɗaya, a kafa masa sanda a ɗaure shi sako-sako.

Ɓawon ƙaramar fiya kore ne mai taushi, rana takan ƙone shi. A yi masa 'yar rumfa ta ciyawa ko ganyen kwakwa, a kuma kare shi da zana ta gefen da iskar hunturu ke bugowa. Shafa farar ƙasa a jikin karan yana rage ƙunar rana.

Ban Ruwa da Taki

Da rani ƙaramin itace yana bukatar bokiti ɗaya ko biyu, sau biyu ko uku a mako, gwargwadon irin ƙasar. Kafin a ƙara ruwa a tona kaɗan a damƙi ƙasar. Idan ta dunƙule a hannu da sauran laima, a dakata. Da damina kuwa aikin shi ne a tabbata ruwa yana da hanyar wucewa. Babban itace ya fi bukatar ruwa lokacin fure da lokacin da 'ya'ya suke ƙanana, ƙishirwa a wannan lokaci takan sa su zube.

A lulluɓe gindin itacen da busasshiyar ciyawa ko ganye ko ɓawon gyaɗa, kaurin santimita 10, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da karan saboda gara da ruɓewa. Ganyen da itacen ya zubar da kansa shi ne mafi kyawun abin lulluɓi. A gidajen da aka saba share tsakar gida ƙal kowace safiya, ya kamata a bar ƙarƙashin fiya da ganyenta. Kada a yi noma da fartanya a gindinta, a cire ciyawa da hannu. Kada kuma a ƙona shara kusa da ita.

Idan dashen ya kama ya fara sabon toho, ana iya ba shi takin kamfa, watau 15-15-15, rabin gwangwanin madara, sau uku a damina. A barbaɗa shi a kewaye, nesa da karan, a bi da ruwa. Kowace shekara a ƙara kaɗan gwargwadon girman itacen, ana zubawa daidai inda inuwar rassa ta tsaya. Kwando biyu ko uku na takin gargajiya a farkon kowace damina suna gyara ƙasa ƙwarai.

Idan itacen ya kai ƙugu a tsinke kan tohonsa don ya yi rassa. A riƙa rage shi bayan an gama tsinkar 'ya'ya, kada ya wuce mita 4 zuwa 5, yadda za a iya kaiwa gare su ba tare da hawa mai haɗari ba. Idan ɗan aure ya yi fure a shekarar farko, a cire furen don itacen ya yi ƙarfi tukuna.

Gargaɗi Game da Dabbobi

Wajibi ne a kewaye dashen da shinge tun ranar farko. Dalili biyu ne. Na ɗaya, akuya takan gama da ƙaramin itace cikin ɗan lokaci. Na biyu, ganyen fiya da ɓawon itacen da ƙwallonta suna ɗauke da wani dafi da masana ke kira farsin. Tsokar fiya ba ta cutar da mutum, amma dafin nan yana cutar da awaki da tumaki da shanu da dawaki da zomaye da tsuntsaye. Akuya mai shayarwa in ta ci ganyen, hantsarta takan kumbura nono ya ɗauke, in ta ci da yawa kuwa yakan taɓa zuciya har ta mutu. Saboda haka kada a ba dabbobi rassan da aka sare, kada kuma a zuba wa kaji ko zomaye ɓawo da ragowar fiya.

Fure da Ƙudan Zuma

Furen fiya yana da wata ɗabi'a ta ban mamaki. Kowane fure sau biyu yake buɗewa, da farko a matsayin mace, sa'an nan ya rufe, kashegari ya buɗe a matsayin namiji. A waɗansu ire-ire, kamar Hass da Waldin da Lula, furen yakan zama mace da safe, namiji da yammacin kashegari. A waɗansu kuwa, kamar Fuerte da Pollock da Booth 8, yakan zama mace da yamma, namiji da safiyar kashegari. Itace guda yana iya haihuwa shi kaɗai, amma idan akwai ɗaya daga kowane kashi kusa da juna, ko da a gidan maƙwabci ne, haihuwa takan fi yawa.

Ƙudan zuma da waɗansu ƙwari su ne ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Don haka kada a fesa maganin ƙwari lokacin fure. Kada kuma mai itace ya damu in ya ga fure yana zuba, domin daga cikin dubban furanni kaɗan ne ke zama 'ya'ya. Haka nan fiya takan cika haihuwa bana ta rage baɗi, wannan ɗabi'arta ce.

Cututtuka

Babban abokin gaban fiya shi ne ruɓewar saiwa. Wata ƙwayar cuta ce da ke zaune cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa take kawo shi, ruwa da taɓon ƙafa da kayan aiki kuma suna yaɗa ta. Alamunsa su ne ganye ya ƙanƙance ya yi fari-fari ya yi yaushi ko da ƙasa tana da laima, rassa su fara bushewa daga sama, in an tona a ga ƙananan saiwoyi sun yi baƙi suna karyewa. Mai itace yakan zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, sai abin ya ƙara lalacewa. Abin yi shi ne a rage ruwa, a buɗe magudana, a ƙara abin lulluɓi, a nemi shawarar malamin gona. Inda ciwon ya kashe itace kada a sake dasa fiya a wurin. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma ciwon da ke sa baƙaƙen tabo a jikin 'ya'ya, su ruɓe lokacin nuna, ya fi yawa inda laima take da yawa. Sare busassun rassa, da buɗe tsakiyar itacen don iska ta ratsa, da kwashe 'ya'yan da suka faɗi a binne su, suna rage shi. Idan bakin ganye ya bushe kamar an babbaka, alama ce ta gishiri a ruwa, ko taki ya yi yawa, ko kuwa iskar hunturu.

Tsinka da Nuka

Fiya takan ƙosa a kan itace, amma ba ta nuna sai an tsinke ta. Wadda aka tsinka ba ta ƙosa ba takan yanƙwane ta yi tauri kamar roba. Don a gane ko ta ƙosa, a tsinki biyu ko uku daga cikin manya a ajiye a ɗaki. Idan sun yi laushi cikin kwana 7 zuwa 10 ba su yanƙwane ba, sauran ma sun isa tsinka. Wata alama kuma, ɓawon ƙwallon ƙosasshiyar fiya yakan zama ruwan ƙasa, siriri kamar takarda.

A yanke ta da ɗan guntun mariƙinta, kada a fizge, kada a kaɗo da sanda ko jifa, domin inda ta bugu nan take fara ruɓewa. Tun da ba ta nuna a sama, ana iya tsinkar ta kaɗan-kaɗan gwargwadon bukatar gida, itacen ya zama shi ne rumbu. Mai son ta nuna da wuri ya nuka ta cikin takarda ko kwando tare da nunanniyar ayaba. Wadda za a kai kasuwa mai nisa a tsinke ta da taurinta, a jera cikin kwando mai shimfiɗar ganye, a ajiye a inuwa.

Kammalawa

Magidancin da ke da niyyar dasa fiya a daminar da ke tafe ya kamata ya fara shiri tun da rani. Ya gwada ƙasarsa da ramin ruwa, ya nemi ɗan aure na irin da ya dace da yankinsa, ya tanadi taki da kayan shinge. Itacen da aka dasa a wurin da ya dace yakan yi shekaru masu yawa yana ba da ɗaruruwan 'ya'ya, 'ya'ya da jikoki su ci. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa ko ofishin aikin gona na ƙaramar hukumarsa.